Rumbu Ya Cika: Roƙonmu Game da Wasan Yara a Ranar Godiyar Kaka

Karatun yau: Zakariya 8:1-8 da Nehemiya 8:9-18

 Kaka ta zo. Waɗanda Allah ya ba su ikon zuwa gona bana sun kai gero gida, dawa tana jiran magirbi, wake kuma yana bushewa a tsakar gida. Nan da 'yan makonni ikkilisiyoyinmu na Anka da Gummi da Bukkuyum za su yi sujadar godiyar kaka, kowa ya ɗauko daminsa ko kwanon gyaɗarsa ko kazarsa ya kawo gaban Ubangiji.

Mu 'yan Zumuntar Matasa mun kai wata shawara gaban dattawa. Muna so bayan an tashi sujadar godiya a ba yaran Makarantar Lahadi awa biyu nasu na kansu. Su yi shigar mutanen Littafi Mai Tsarki da ta manoma da makiyaya, sa'an nan su zauna su yi wani wasan hotuna da Turawa ke kira bingo, wanda mu muka raɗa wa suna Cika Rumbu. Shawarar ba ta sami karɓuwa ga kowa ba. Wasu iyayenmu sun ce wannan Halowin ne aka shigo da shi ta bayan gida. Wasu sun ce caca ce. Wani dattijo kuma, wanda duk muke ganin girmansa, ya yi tambayar da ta fi kowace nauyi: da wace zuciya za a shirya wasa a garin da ba a gama karɓar gaisuwar mutuwa ba?

Ba mu ɗauki waɗannan maganganu da wasa ba. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Mun koma mun yi addu'a, mun yi bincike, mun kuma gyara abubuwa da dama cikin shirinmu saboda su. Amma har yanzu muna ganin ya kamata a yi wasan, ga kuma dalilanmu.

Shin Halowin ne?

Gaskiya ne, a wayoyinmu muka fara ganin irin wannan wasa, a bukukuwan da ake yi wa yara a Amurka a ƙarshen watan Oktoba. Halowin yana faɗawa ran 31 ga Oktoba, wato jajiberin Ranar Dukan Tsarkaka da Katolika da Anglikan suke kiyayewa ran 1 ga Nuwamba. Al'adunsa sun gauraya da wani tsohon bikin ƙarshen kaka na mutanen Ayaland da Sikotland, waɗanda suka tafi da shi Amurka a ƙarni na 19. A yau yara a can suna shigar mayu da fatalwa da ƙwarangwal, suna bin gida gida ana ba su alewa. Wannan ɓangaren ba mu da abin yi da shi. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta hana mutanen Allah sihiri da sha'ani da matattu, mu kuwa da muke zaune a inda har yanzu zargin maita yake raba dangi, ba za mu mai da maye abin dariya ga yara ba.

Amma sa tufafin wani a kwaikwaye shi ba daga Amurka ya zo mana ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tashe, yadda yaran maƙwabtanmu Musulmi suke manna gemun auduga su tusa tsumma a ciki su bi gidaje cikin watan azumi. Kakanninmu sun san kalankuwa, wasan da samari da 'yan mata ke yi bayan an kau da amfanin gona, inda ake naɗa wannan sarki a naɗa wancan alƙali. 'Yan'uwanmu Dakarkari da ke cikinmu sun san Uhola ta ƙasar Zuru. A cikin ikkilisiya ma, wane ne a cikinmu bai taɓa yafa zanen mahaifiyarsa ya zama makiyayi ko mai hikima daga gabas a wasan Kirsimeti ba? Allah da kansa ya umarci Isra'ilawa, a Littafin Firistoci 23, su fita daga ɗakunansu bayan girbi su kwana bakwai cikin bukkokin rassan itace, domin 'ya'yansu su gani da ido su san yadda aka fito da kakanninsu daga Masar. Gani ya kori ji. Yaron da ya yini yana Yusufu ba zai manta da Yusufu ba.

Saboda haka ba za mu sa ranar a 31 ga Oktoba ba, ba za mu kira ta da wani suna ba sai godiyar kaka.

Shin caca ce?

A nan ma sai mu faɗi gaskiya: iyayenmu ba su yi kuskure ba da suka ji warin caca. Asalin wasan daga cacar ƙuri'a ta ƙasar Italiya yake, wadda aka fara wajen shekarar 1530. A 1929 wani mai sayar da kayan wasan yara a Amurka, Edwin Lowe, ya ga ana yin sa da ƙwayoyin wake a wani wurin shaƙatawa a jihar Jojiya, ya buga katunansa ya shiga sayarwa. Har gobe akwai ɗakunan da manya ke biyan kuɗi su sayi kati don su ci kuɗi, har da wasu majami'u a can da suke tara kuɗi da shi. Wannan caca ce, ko a ina aka yi ta. Mun kuma san abin da caca ta yi wa tsararmu. Kusan kowannenmu ya san saurayin da cacar ƙwallo ta waya ta cinye masa jari. Ga shi kuma muna zaune a jihar da take bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, inda caca laifi ce, maƙwabta kuma suna lura da abin da ke gudana a harabar majami'a. Ba daidai ba ne mu ba kowa dalilin cewa Kirista suna koya wa 'ya'yansu caca.

To, mene ne yake mai da wasa caca? Abu uku muka gani. Ana zuba kuɗi ko kaya. Abin da ɗaya ya ci, daga aljihun sauran ya fito. Kwaɗayin samu ba tare da aiki ba ne yake jan mutum ya koma. Ƙuri'a ita kaɗai ba ta zama zunubi ba, gama da ƙuri'a manzanni suka zaɓi Matiyas a Ayyukan Manzanni 1:26. Amma da ƙuri'a kuma sojoji suka raba rigar Ubangijinmu a gindin gicciye, a Yahaya 19:23-24. Bambancin yana ga abin da zuciya take nema.

Don haka muka cire dukan ukun. Ba wanda zai biya ko sisi. Ba wanda zai koma gida da ƙasa da abin da ya zo da shi. Babu kuma babbar kyautar da za a yi ta hange. Mun koyi wannan na ƙarshe da wuya. Bara mun gwada wasan a aji ɗaya, muka sa robar cin abinci sabuwa ta zama kyautar wanda ya fara cikawa. Wata yarinya da iyayenta suka gudo daga ƙauye, saura gurbi ɗaya ta cika, wani yaro ya riga ta. Ba ta yi kuka ba, ta dai tattara wakenta ta zuba a aljihu, ta koma bakin ƙofa ta zauna har aka tashi. Laifinmu ne, ba na wasan ba. Mu ne muka koya wa yaran a ranar cewa murnar ɗaya baƙin cikin sauran ne.

Bana wanda ya fara cika layinsa zai ɗaga murya ya ce, “Rumbu ya cika!” Ladansa shi ne a miƙa masa faifan ƙuli-ƙuli da dabino ya zaga ya raba wa kowa, shi ne na ƙarshen ɗauka. Za a ci gaba da wasan har sai kowane yaro ya cika nasa. Mai arzikin nan na Luka 12:16-21 rumbunsa ya cika, ya ce zai rushe ya gina babba ya ci shi kaɗai, Allah kuwa ya kira shi wawa. Muna so yaranmu su saba tun yanzu cewa idan rumbu ya cika, buɗe shi ake yi.

Yadda ake shirya shi

Ba a bukatar injin buga takarda ko kuɗi mai yawa. Kwalin taliya ko na sabulu ya isa. A yanka shi faɗin tafin hannu biyu, a ja layuka. Na manyan yara, 'yan shekara 8 zuwa 12, gurbi 25: biyar a tsaye, biyar a kwance. Na ƙanana gurbi 9: uku da uku. Duk wanda ya taɓa zama gindin bishiya yana kallon dattawa suna dara ya riga ya fahimci rabin wasan, gama a can ma jera 'ya'ya a layi ake nema.

A zaɓi hotuna 40 masu sauƙin zanawa. Rabi daga gonakinmu: zangarniyar gero, dami, lauje, fartanya, rumbu, turmi, ƙwarya, kabewa, gyaɗa, jaki. Rabi daga Littafi Mai Tsarki: jirgin Nuhu, kurciya, bakan gizo, kifi, gurasa, tunkiya, tauraro, fitila, majajjawa, gicciye. A rubuta sunan kowane hoto a ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe, domin da yawa cikin yaran nan sun yi asarar zangon karatu saboda rufe makarantu da gudun hijira, wannan kuwa wata dama ce su haɗa baƙi da hoto. Kada kati biyu su zama iri ɗaya, in ba haka ba yara goma za su cika a lokaci guda. Hanya mai sauƙi ita ce matasa takwas su zauna da yamma, kowa ya ɗauki kwali biyar, ya zaɓi hotunansa ya jera yadda ya ga dama.

Gurbin tsakiya kyauta ne. Kowane yaro zai ɗora ƙwayarsa a kai tun ba a kira komai ba. Mun zana gicciye a wurin, mun kira shi gurbin alheri. Kafin a fara, malamin Makarantar Lahadi zai tambayi yaran me suka yi har suka sami wannan gurbi. Za su ce ba su yi komai ba. Daga nan sai ya buɗe musu Afisawa 2:8-9 cikin minti biyu.

Mai kira zai zuba ƙananan hotunan 40 cikin ƙwarya ya rufe da faifai, ya riƙa zaro ɗaya ɗaya. Ga ƙanana, zai ɗaga hoton su gani. Ga manya kuwa ba zai faɗi sunan ba, tambaya zai yi. Me Yusufu ya gani a mafarki, na 'yan'uwansa sun rusuna wa nasa? Dami. Wace tsuntsuwa ce ta komo wa Nuhu da ganye a baki? Kurciya. Me yaron nan ya kawo guda biyu tare da gurasa biyar? Kifi. Ta haka wanda ya saurari malaminsa cikin shekara zai ga amfanin sauraro, sa'a kaɗai ba ta isa ba.

Abubuwan da ba za mu yarda da su ba

Na farko, ba za a tsinto tsakuwa a ƙasa don ɗorawa a kati ba. Mu mutanen Anka da Bukkuyum ba ma bukatar a tuna mana 2010, shekarar da aka gano gubar dalma a Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma da wasu ƙauyuka, sanadin niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka mutu, waɗansu da suka rayu kuma gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Har yanzu ana haƙar zinariya a yankin nan, yaro kuwa duk abin da ya riƙe baki yake kaiwa. Manya za su yi da wake ko masara. Ƙanana za su yi da murfin kwalba da aka wanke, don kada wani ya tura ƙwaya a hanci. A shimfiɗa tabarma, a wanke hannu da sabulu kafin a ci komai.

Na biyu, ba za a zana wa yaro gemu ko gashin baki da kwalli ko da baƙin cikin batir ba. Kwallin dutse irin na gargajiya yakan ƙunshi dalma. Auduga da zare sun isa gemun Musa.

Na uku, babu rufe fuska, babu bindigar roba ko ta kara, babu kakin soja. Akwai yara a cikinmu da suka ga mutane masu rufaffiyar fuska sun shigo garinsu a kan babura. Abin da wani yaro zai ɗauka wasa, wani zai kwana yana firgita saboda shi. Wanda yake so ya zama Dawuda, ya zo da sandar kiwo.

Na huɗu, ba wanda zai ɗinka ko ya sayi sabon kaya, ba kuma za a zaɓi wanda ya fi kowa kyan shiga ba. Yakubu 2:1-4 ya gargaɗe mu a kan ba mai kyakkyawar riga wurin zama mai kyau a bar matalauci a tsaye. Muna roƙon iyayenmu na Zumuntar Mata su ara mana tsofaffin zannuwa da ɗankwali da malafa da buhunan da ba a amfani da su. Za a tara su a ɗaki ɗaya, kowane yaro ya shiga a shirya shi a nan, ɗan mai shago da ɗan wanda ya bar gonarsa a daji.

Na biyar, za a tashi tun rana tana sama, kafin la'asar, kowa ya isa gida da haske. Ba za mu sanar da lokaci ko wuri a Facebook ba, ba kuma za a sa hoton ɗan kowa a intanet ba sai da yardar iyayensa. Samari huɗu za su tsaya a ƙofa daga farko har ƙarshe. Idan yaran maƙwabta suka leƙo, kamar yadda sukan yi, a aika a tambayi iyayensu tukuna, a kuma gaya musu gaskiyar abin da ake yi. Wanda aka bari ya shigo, rabonsa daidai da na kowa.

Da wace zuciya?

Mun bar tambayar Baba ta zama ta ƙarshe domin ita ce ta hana mu barci. Baba, ba mu manta ba. Muna tune da watan Janairun 2022, sa'ad da 'yan bindiga suka auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka kwana ana binne mutane. Muna tune da ambaliyar da ta rushe gidaje a Gummi a daminar 2024, da jirgin ruwan da ya kife da manoma a watan Satumba na shekarar suna hanyar gona. Mun san akwai waɗanda sai da suka biya 'yan bindiga haraji kafin su girbe abin da suka shuka da guminsu, akwai kuma waɗanda bana ba su da dami ko ɗaya da za su kawo gaban bagade.

Amma ku dubi karatunmu na yau. Mutanen da Nehemiya da Ezra suka tara ragowar bauta ne, sun gina garu da makami a hannu ɗaya saboda tsoron maƙiya. Da aka karanta musu Shari'a suka fashe da kuka. Shugabanninsu ba su ce su ci gaba da kukan ba. Sun ce su je su ci su sha, su aika wa wanda ba shi da komai rabonsa, domin ranar ta Ubangiji ce, farin cikin da ke daga gare shi kuma shi ne zai ƙarfafa su. Kashegari suka gano umarnin Idin Bukkoki, suka fita suka saro rassa. Annabi Zakariya kuma, sa'ad da Urushalima take rabin kufai, Allah ya nuna masa alamar komowar salama. Alamar ita ce tsofaffi zaune a dandali, kowa da sandarsa saboda yawan shekaru, da yara maza da mata cike da tituna suna wasa.

Yaron da yake da shekara 10 a yankin nan bai san lokacin da ake tafiya daga Anka zuwa Gummi da dare hankali kwance ba. Ya san ƙarar bindiga, ya san a ce masa yi shiru, ya san a tashe shi cikin dare a gudu. Idan majami'a ma ba ta da abin da za ta ba shi sai zaman makoki, ina zai koyi cewa Allahn da muke bauta wa mai alheri ne? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tsoro kuwa ya riga mu fara tanƙwarawa. Almajirai sun taɓa ganin cewa Yesu yana da manyan al'amura a gabansa, suka kori masu kawo yara. Markus 10:13-16 ya ce ransa ya ɓaci da su, ya rungumi yaran ya sa musu albarka, alhali yana kan hanyarsa ta zuwa gicciye.

Wannan ne roƙonmu. Idan bayan duk wannan akwai iyayen da lamirinsu bai kwanta ba, kada kowa ya yi musu ba'a ko ya ce ba su waye ba. Romawa 14 ta hana mu raina ɗan'uwa a kan irin wannan. Ɗansu zai iya zuwa ya ci ya sha ya yi waƙa tare da sauran. Idan kuma majalisar dattawa ta ce a dakata, za mu dakata ba tare da gunaguni ba. Muna dai roƙo, kafin a yanke hukunci, Baba Fasto da dattawa biyu su zo ranar Asabar da yamma su zauna a tabarma tare da mu, mu ba su kwali da wake, a yi zagaye ɗaya a gabansu.

Masu kwali, almakashi, alkalamin launi ko tsohon zane, a kawo wa shugabannin Zumuntar Matasa bayan sujada. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka saboda ruwan sama da amfanin gona. Ka tuna da waɗanda suka shuka ba su girbe ba, da waɗanda har yanzu suke hannun masu garkuwa. Ka ba dattawanmu hikima, ka ba mu matasa tawali'u. Ka tsare 'ya'yanmu, ka komo da salama Zamfara, har mu ga tsofaffinmu zaune a ƙofar gida, yara kuma suna wasa a dandali ba mai razana su. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.